Ƙoƙon Sarauniyar Ruwa

Ni mutum ne mai ƙugiya. Ba wadda mahauta ke rataye nama ba, wadda ake ɗora wa harafi nake nufi, ta kan ƙ da ɗ da ɓ. Na shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da Hausa a wata sakandare a Minna, kuma duk wanda ya ratsa ajina zai gaya maka gara ka zo ba ka yi aikin gida ba da ka rubuta mini “kofa” inda ya kamata ka sa “ƙofa”. Kakana daga Kano ya biyo layin dogo ya yada zango a garin nan. Bai bar mana gona ba, bai bar shago ba, harshe kawai ya bari, ni kuma na riƙe shi kam kamar wani zai ƙwace.

Sai Allah cikin ikonsa ya haɗa ni aure da mutuniyar Bida, wadda Hausa ba harshen iyayenta ba ne.

Matata ta iya Hausa sarai, a wajen ciniki ma ta dame ni ta shanye. Shinkafa take sarowa daga garinsu da Wushishi tana sayarwa a unguwar Sauka Kahuta, kuma ban taɓa ganin wanda ya ja da ita a kan mudu ya yi nasara ba. Amma ƙugiya ba ta taɓa zama a bakinta ba. A wurinta ɗaki daki ne, ƙafa kafa ce, ɓarawo barawo. Yadda maganarta ke fita haka zan rubuta ta a nan, kada wani ya ce mai bugawa ne ya yi kuskure.

A makon farko da aka kawo ta, gwaggonnina da ’yan’uwana mata sun cika tsakar gida. Ta je bakin randa za ta ɗebi ruwa, ta duba ba ta ga abin ɗiba ba, sai ta juyo a hankali ta ce, “Malam, ina koko?” Na zura takalmi, na fita bakin layi wajen mai koko, na dawo da kwano cike yana tururi har da ƙosai, na durƙusa na ajiye a gabanta. Gidan ya kaure da dariya, wata gwaggona har da riƙe ciki tana hawaye. Amarya ta ja gyale ta rufe fuska. Daga ranar labarin nan ya zama jarina. Na ba da shi a wurin suna, na ba da shi a wurin ɗaurin aure, kowace shekara kuma sai na ba sababbin ɗalibai shi don su san amfanin ƙugiya: koko na sha ne, ƙoƙo na duma ne. Shekara goma sha biyar ina cin kasuwarsa, bai taɓa kwantai ba.

To, ga yadda littafi ya shigo cikin maganar.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Minna, lokacin da mutum kan hau tudu yana ɗaga ta sama don neman layi, na rubuta wani ƙagaggen labari. Na wani tsoho ne mai gadin gadar jirgin ƙasa a Zungeru, mai ido ɗaya. Idon da ya mutu, da shi yake ganin aljanun da ke zaune a ƙarƙashin kogin Kaduna. Aljanun nan suna da doka guda: ba sa iya ƙarya. Duk wanda ya yi ta a cikinsu, nan take zai zama dutse a ƙasan ruwa. Suna iya yin shiru, suna iya kewaye-kewaye, amma ƙarya a’a. Ɗan sarauniyarsu ya ɓace, aka rasa wanda zai gano shi, aka zo aka roƙi tsoho. Ba shi da tsafi, ba shi da makami, sai lura da wanda ya yi shiru a inda ya kamata ya yi magana. Abokinsa ɗaya, wata ƙatuwar tarwaɗa mai yawan mita, wadda ta mutu a ƙarshen labarin wajen kare shi.

Babi-babi na rubuta shi, kuma kowane babi sai na karanta wa matata bayan la’asar. Za ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga shinkafa, ni kuma ina kan kujera da takarduna. Ba ta yabo, ba ta kushe. Hannunta nake kallo. In labari ya kama ta, hannun sai ya tsaya cak a kan faifai. In ya ci gaba da tsinta, to na san shafin nan na kwandon shara ne. Ranar da tarwaɗa ta mutu, ajiye faifan ta yi gaba ɗaya, ta ce mini, “Malam, kai mugu ne.” A rayuwata ba a taɓa yi mini yabon da ya kai wannan daɗi ba.

Zan faɗi gaskiya tun yanzu: ba ni da wani ma’auni sai wannan hannu. In ba ta zauna ta saurara ba, ban san abin da na rubuta ba.

Littafin ya fito, ya karɓu fiye da yadda na zata. Akwai wata Hajiya mai shagon hayar littattafai a Sauka Kahuta, kusa da rumfar matata. Ita ta fara tare ni a hanya. “Malam, ina na biyu? Matan unguwa sun hana ni sakat. Kuma sun ce a gaya maka, ka dawo musu da tarwaɗarsu.” Na ce, Hajiya, wanda ya mutu ai ya mutu. Ta ce, “Kai ka kashe ta da biro, da biro za ka tashe ta.” Tun ina dariya har abin ya shiga kaina. Duk inda na bi, ina na biyu, ina na biyu. Kai ya kumbura, hula ta fara matse ni.

Wata uku ina neman abin da zan ɗora littafi na biyu a kai. Rannan ina gaban allo ina ba ’yan aji labarin kokon amarya, sai dabara ta faɗo mini, har alli ya suɓuce daga hannuna.

Ga ta. Sarauniyar ruwa tana da ƙoƙon da take auna ruwan kogi da shi kowace safiya, in babu shi ruwa zai yi ta hawa har ya ci gada. Sai a sace ƙoƙon. A kira tsoho. Amma a fadar aljanu ɗan’adam ba ya yi wa aljani tambaya baki da baki, sai ta bakin jakadiya. Jakadiyar kuwa ’yar can ƙasan kogi ce, ba ta da ƙugiya. Tsoho zai ce, “Tambaye shi, ya ɗauki ƙoƙon sarauniya?” Ita kuma ta ce, “Ka dauki kokon sarauniya?” Mutum bakwai ake zargi, kowa ya ce a’a, kuma ba wanda ya zama dutse. Yaya aka yi? Ɓarawon, ƙanen sarauniya, bai yi ƙarya ba, don bai taɓa kokon shanta ba. Sai a shafin ƙarshe tsoho zai gane inda tambayar ta karkace.

Wallahi ranar da ƙyar na gama darasi. Na ce duk faɗin Arewa ba a taɓa ƙulla irin wannan ba. Don kuma abin ya yi armashi, na mai da jakadiyar abar dariya tun daga shafin farko. Ga ƙiba, ga gaggawa, duk inda ta buɗe baki sai fada ta kwashe da shewa.

Na fara karatu bayan la’asar kamar yadda aka saba. Babi na ɗaya, na maimaita duk abin da ya faru a littafin farko, shafi arba’in cur, don waɗanda ba su karanta ba. Hannu bai tsaya ba. Na ce ba komai, shimfiɗa ce. Babi na biyu, tarwaɗa ta farfaɗo, wai ashe suma ta yi. Hannu bai tsaya ba, sai ma wata tsakuwa da aka wurgar da ƙarfi har ta bugi bokiti. Babi na uku, aka zauna a fada, jakadiya ta yi tambayarta. Na kwaikwayi muryarta da kyau, har da lanƙwasa wuya, ina dariya ni kaɗai.

Nan hannu ya tsaya. Zuciyata ta ce, yawwa!

Ta ɗago ta dube ni. “Wannan jakadiya, koko ta ce, ba na duma ba. Shi ya sa ba wanda ya zama dutse. Barawon yana cikin bakwai din nan, kuma ina jin kanen ne, tunda shi ka fi yabo.”

Shafi ɗari biyu na rubuta don ɓoye abin nan, ga shi an kwance shi a shafi na sittin, da faifai a cinya.

Na ce, “Leƙa takarduna kika yi!”

“Ni da ban iya karanta tsutsar rubutunka ba? Shekara goma sha biyar kana ba da labarin nan a gabana, Malam. Ko kurma ce ni ai na haddace.”

Da ina da hankali da nan na yi shiru. Amma ni ne fa. Na miƙe, na ce ba ta san adabi ba. Na ce wannan ita ake kira gwaninta da harshe. Na ce wanda bai iya furta harafi ba ba shi zai koya wa malamin Hausa rubutu ba. Wannan ta ƙarshe, tun kafin ta gama fita daga bakina na so in kamo ta.

Ta juye shinkafa a ƙwarya, ta naɗe tabarma, ta shige ɗaki. Washegari bayan la’asar na fito da takarduna na tarar gindin mangwaro wayam. Ta ɗauki faifanta ta koma gidan maƙwabta, ina jiyo hirarsu ta kan katanga. Jibi ma haka, gata ma haka. Abinci yana zuwa a kan lokaci, gaisuwa ba ta fasa ba, amma kunnen nan an janye shi.

Na ce to, don Allah a daɗe ba a saurara ba. Littafina zai fito ko da ita ko ba ita.

Na kwashi rubutun na kai wani shagon buga takardu da kwamfuta, irin waɗanda suka fara yawa a gari a lokacin, janareto yana ta ƙugi a ƙofa. Matar da ke bugawa ta ce in dawo bayan kwana goma. Na dawo, na karɓa, tun a tsaye na buɗe shafin ƙarshe don in ga gwanintata da baƙin inji. Ga abin da na tarar tsoho yana faɗa, a wurin da ya kamata mai karatu ya dafe ƙirji:

“Ba kokon sarauniya na ce a tambaye shi ba, kokon sarauniya na ce!”

Na karanta sau uku. Na ce, “Baiwar Allah, ina ƙugiyoyina?”

Ta leƙo ta kan gilashinta. “Oga tica, wane kugiya?”

Na nuna mata a rubutun hannuna. Ta ce, “O, wannan k mai wutsiya? Na dauka hannunka ne yana rawa. Kwamfuta ba shi da shi. Duk k, k ne.”

Duk k, k ne! A gabana, ni! Na yi faɗa har mai gyaran janareto ya shigo yana ba ni haƙuri, ya ɗauka wani abu aka sace mini. Matar kuwa ko a jikinta. Ta ce in na samu injin da ke da wutsiya a Minna in zo in nuna mata, ita ma tana so ta gani.

Na koma makaranta da tulin takardu, na zauna a ɗakin malamai da shuɗin biro. Niyyata in bi kowane shafi in ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa. A shafi na huɗu wuyana ya ƙage. Sai na ce bari in sa wa kalmar da ta fi muhimmanci kawai, duk inda ƙoƙo na duma ya fito. Na yi haka, na kai wa Hajiya mai haya, na ce ta ɗanɗana kafin kowa.

Kwana biyu ta aiko a kira ni. Na je ina gyara hula.

Ta ce, “Malam, sannu da ƙoƙari. Amma shuɗin biron nan naka ya gaya mini komai tun babi na uku. Shafi duk baƙi, sai kalma ɗaya an yi mata kwalliya in tsoho ya faɗa, in jakadiya ta faɗa kuma ba kwalliya. Ko jikata ai sai ta gane.”

Na ce to in na cire fa?

“In ka cire, mu da muka saba karanta littattafai ba ƙugiya, za mu ce tsohon ya zautu a ƙarshe.”

Na fito daga shagon a sanyaye. In na sa, asiri ya tonu. In ban sa ba, babu asirin ma gaba ɗaya. Ga rumfar matata can gaba kaɗan, ina hango ta tana auna wa wata shinkafa tana dariya. Na sunkuyar da kai na bi ta bayan rumfuna kamar marar gaskiya.

Mako biyu ke nan ba karatu. Na gwada karanta wa kaina da ƙarfi a ɗaki, ban ji komai ba. Na gwada wani abokin aikina, malamin lissafi, ya ce kowane shafi “ya yi kyau” har da wanda na karanta masa sau biyu don in gwada shi. Na zauna in gyara, na kasa gane inda ke da rai da inda ya mutu. Kuma ba littafin kaɗai ba ne. Na yi kewarta ƙwarai, alhali gida ɗaya muke kwana.

Ranar wata Asabar, kafin ta fita da faifanta, na riga ta. Na shimfiɗa tabarma da kaina a gindin mangwaro, na ɗauko wani tsohon faifai, na zuba shinkafa, na zauna ina tsinta. Ta fito ta tsaya a kaina.

“Me kake yi?”

“Tsinta.”

“Shinkafar kake zubarwa, kana barin tsakuwa.”

Na ce, “Uwargida, na zo a duba mini jarrabawa ne. Na faɗi, na sani. Makin kawai nake son gani.”

Ta ɗan jima a tsaye. Sannan ta zauna, ta janye faifan daga gabana. “Karanta. Daga inda ka tsaya har karshe. Kuma ka karanta jakadiya da muryarka, ba da tawa ba.”

Yammaci huɗu muka yi. Ban ɗaga ido daga hannunta ba. Ya tsaya sau biyu, na lura da wuraren. Da na kai ƙarshe na ajiye takardu, na ce to, bismilla.

Ta fara da abin da ya yi. Akwai wata kasuwa da na ƙirƙira a ƙarƙashin gada, inda aljanu ke sayar da abubuwan da suka faɗo daga tagar jirgi: takalmi wari ɗaya, hular wani ango, wasiƙar da aka yayyaga aka jefar. Ta ce wannan kasuwa ta fi duk abin da ke cikin littafin farko, har ta ji tana son ta kafa rumfa a ciki. Sai kuma wurin da tsoho ya lura mataccen idonsa ya fara dushewa, ya ɓoye wa kowa don kada aljanu su daina zuwa wurinsa. Ta ce nan ta tuna babanta lokacin da ya daina ganin zaren allura.

Na fara murmushi. Ta ce, “Kar ka yi sauri.”

Shafi arba’in ɗin farko, ta ce, wanda ya karanta na ɗaya zai yi barci, wanda bai karanta ba kuma an gaya masa komai, ba zai nema ba. Mutum bakwai da ake zargi sun yi yawa, uku daga ciki ba ta iya bambanta su ba har aka gama. Sandar tsafin da na ba tsoho a wannan karo, wadda ke kai shi ko’ina cikin ƙiftawar ido, ta ce tun da ya same ta ya daina tunani, ita kuwa tunaninsa take so.

“Sai tarwada.” Ta ajiye faifai. “Na yi mata kuka, Malam. Kuka na gaske, har na kona miya ranar. Yanzu ka ce mini suma ta yi? To ka biya ni hawayena.”

Na ce matan Sauka Kahuta ne suka matsa.

“In sun ce ka shiga rijiya fa?”

Na duƙufa ina rubutawa a bayan takarda kamar ɗan aji ɗaya. Na ɗauka an gama. Na ce saura matsalar ƙugiya, na ba ta labarin mai kwamfuta da na Hajiya mai haya. Ta yi dariya har ta share ido da gefen zane, dariyar farko da na samu cikin mako biyu. Sannan ta nutsu.

“Ba inji ne matsalarka ba. Ka karya dokarka da kanka.”

Na ce wace doka?

“Ka ce aljani ba ya karya. To kanen sarauniya, da jakadiya ta tambaye shi, ya san abin da take nufi ko bai sani ba?”

“Ya sani mana. Ai shi ya sace.”

“Duk fada an san me ya bata. Ya gane ta sarai, ya yi kamar bai gane ba, don bakinta ba irin nasa ba ne. Wannan ba karya ba ce?”

Na buɗe baki zan kawo bayani irin na malamai, a kan lafazi da ma’ana. Ba ta bar ni ba.

“Ranar da na tsaya a bakin randa, gaban gwaggonninka, kwana biyar da kawo ni, ban san kowa a gidan ba sai kai. Na ce ina koko. Ka gane ko ba ka gane ba?”

Mangwaro ɗaya ya faɗo a bayan kujerata, ba wanda ya waiwaya.

Na ce, “Na gane.”

“To da a littafinka ne, yau shekara goma sha biyar ina auren dutse.”

Ta faɗa tana murmushi, ta ja faifanta ta ci gaba da tsinta. Ni kuwa kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Sau nawa na ba da labarin nan tana zaune a gefe? Ban taɓa duban fuskarta ba ko sau ɗaya, fuskar masu dariya nake kallo. Na ce, “Ki yafe mini.” Ta ce ta yafe tun tuni, da ba ta yafe ba da tuntuni na ji a tuwona, amma a cikin littafi kam ba za ta yarda ba, don littafi ya fi mutum daɗewa.

Wata biyu na yi ina gyara, kowane yammaci a gindin mangwaro. Shafi arba’in suka koma uku. Mutum bakwai suka koma huɗu. Sandar tsafi na jefa ta a kogi tun babi na biyu. Tarwaɗa ta koma kabarinta, Allah ya ji ƙanta. Ƙarshen kuma ya juye gaba ɗaya. Da ƙanen sarauniya ya ce a’a, sai ya fara zama dutse a hankali daga ɗan yatsan ƙafa, a ƙarƙashin riga, inda ba mai gani. Tsoho da idonsa mai dushewa bai lura ba. Jakadiya ce ta ji takunsa ya yi nauyi, kullum yana ƙara nauyi, ta je ta sami tsoho ta ce masa, “Na san yadda nake magana, kuma na san wanda ya gane ni ya yi kamar bai gane ba.” Wannan jimla ko da ƙugiya ko babu tana tsaye da ƙafarta, har mai kwamfuta ba ta iya yi mata komai ba.

Da littafin ya fito, matan Sauka Kahuta suka rabu biyu. Wasu sun ce bai kai na farko ba, kuma ina jin suna da gaskiya. Wasu sun yi fushi da ni a kan tarwaɗa, akwai wadda ta daina amsa gaisuwata har aka yi sallah. Amma Hajiya mai haya ta ce shafukan jakadiya ne suka fi yin baƙi da yatsu. Ɗalibaina kuwa tun daga shekarar suka koma jin misalin kafa da ƙafa, wanda ba shi da daɗi ko kaɗan, amma ba matar kowa a ciki.

Wata safiya bayan haka, ina zaune ina duba takardun jarrabawa, tana daga bakin randa ta ce, “Malam, miko mini koko.”

Na yi wuf na tashi har takardu suka zube. Na ɗauko ƙoƙon daga kan murfin tukunya, na goge shi da hannun riga, na miƙa mata da hannu biyu.

Ta dubi ƙoƙon, ta dube ni.

“Wannan fa? Koko na ce. Tun safe ban karya ba.”

Fuskarta a ɗaure, amma na ga kafaɗarta tana rawa. Har yau ban san wanne ta nufa da farko ba, kuma ban isa in tambaya ba. Na ɗauki kwano na fita. Sai da na kai gaban mai koko na lura ƙoƙon yana hannuna na hagu, ban ajiye ba. Na sa aka cika kwano, aka ɗora ƙosai, na koma gida na durƙusa na ajiye mata duka biyun.